Gandoki da Zuwan Nasara: Sharhi a kan Littafin Malam Bello Kagara

1. Gabatarwa

A cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙaga labari wadda Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a shekarar 1933, babu wanda masu sharhi suka yi wa gajeren hukunci kamar Gandoki na Malam Bello Kagara. Ruwan Bagaja ya sami masu yabon ban dariyarsa da zaƙin Hausarsa. Shaihu Umar ya sami masu yabon natsuwarsa, har aka mai da shi wasan kwaikwayo, daga baya kuma aka yi sinima da shi. Gandoki kuwa, magana biyu aka saba yi a kansa a wuce. Ta fari, wai littafi ne da ya karye a tsakiya, ya soma da tarihi ya ɓuge da tatsuniyar aljanu. Ta biyu, wai ya soma da yaƙar Turawa ya ƙare da yabonsu, saboda haka ba abin da za a koya daga gare shi game da turjiyar mutanen ƙasar nan sai yadda ake miƙa wuya.

Nufina a wannan takarda in auna maganganun nan biyu, in nuna cewa ta farin kuskure ce, ta biyun kuwa rabin gaskiya ce, sa'an nan in kawo wani aibi na uku wanda a ganina ya fi su nauyi, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Abin ya cancanci wahala, gama Gandoki shi ne ƙagaggen labari na farko da aka buga da Hausar boko wanda ya ɗauki cin ƙasar nan da Turawa suka yi ya mai da shi jigonsa. Ya riga littafin Chinua Achebe na farko, wanda ya fito a 1958, da shekara 24. Ɗaliban da muke horarwa su ne za su karanta wa yara shi gobe. In sun ɗauke shi tatsuniya zalla, sun zubar da abin da ke cikinsa. In kuwa sun ɗauke shi tarihi zalla, sun ɓad da yaran.

2. Abin da ya auku

Kafin a auna labari, wajibi ne a san harsashin da aka gina shi a kai. Bayan taron Barlin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka shirya ƙa'idodin da za su bi wajen rabon Afirka, sai Ingila da Faransa da Jamus suka shiga tsere zuwa ƙasashen da ke tsakanin Kwara da Tafkin Chadi. A 1897 sojan kamfanin cinikin Ingila da ke riƙe da bakin Kwara suka ci Bida da Ilori. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ta da tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar cewa Arewa ta shiga hannun Ingila, alhali kuwa mafi yawan ƙasar bai taɓa sa ƙafa a cikinta ba. A farkon 1901 aka ci Kwantagora, aka sake cin Bida. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita da jama'arsa ya nufi wajen ƙasar Zazzau, inda aka kama shi a 1902. Yola ta faɗi a 1901, Bauci a 1902. Ran 3 ga Fabrairu 1903 aka shiga Kano, Sarki Alu ba ya gari, kuma a cikin watan nan Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato.

Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya bai miƙa wuya ba. Ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, sarakai da malamai da talakawa, suna barin gidaje da gonaki. A Burmi, kusa da kogin Gongola, mutanen garin suka kori sojan Turawa a watan Mayu, amma ran 27 ga Yuli 1903 suka komo da ƙarfi. A nan Attahiru ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mutanensa, shugaban sojan Turawa Manjo Mash shi ma a nan ya mutu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja sauran jama'a har ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa kuwa yana nan da sunansa.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe daga wannan tarihi. Na ɗaya, rundunar da ta ci Kano ba ta kai mutum dubu ba, Turawan cikinta 'yan kaɗan ne, sauran duk baƙaƙen fata ne, da Hausawa da yawa a ciki. Abin da ya ba su rinjaye shi ne igwa da bindiga mai ruwa da horon tsayawa a sahu, waɗanda doki da lifidi da takobi ba su da magani a kansu. Ga shi kuma ko wane sarki shi kaɗai ya tari yaƙinsa. Na biyu, malaman zamanin sun yi gardama a kan abin da ya wajaba, kuma hanyoyi uku suka gani: a yi yaƙi, ko a yi hijira, ko a zauna a ba da kai a fili a tsare addini a zuci. Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari hanya ta uku ya bi, ya kuma rubuta wasiƙa da Larabci zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana hujjarsa. Waɗannan hanyoyi uku za mu sake gamuwa da su.

3. Marubucin da gidan da ya buga littafin

An haifi Malam Bello Kagara a 1890. Wan Abubakar Imam ne, gidansu kuwa gidan malanta da alƙalanci ne a yankin da ƙarfin Kwantagora ya kai. Watau yana da kimanin shekara 11 sa'ad da aka ci Kwantagora, ya kuma girma a cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. Bayan karatun gida ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina, ya rasu a 1971. Mutum ne da ya sha nono biyu, na zaure da na aji, kuma duka biyun suna cikin littafin.

Gidan da ya buga littafin a 1934 gidan Gwamnatin Turawa ne. Dokta East, wanda ya shirya gasar, jami'in ilmi ne na wannan Gwamnati, shi ya zagaya yana roƙon malamai su rubuta labarai, shi ya duba abin da suka aiko, kuma makarantun Gwamnati aka nufa da littattafan. Shekara 31 kaɗai ke tsakanin Burmi da fitowar Gandoki. Da yawa daga waɗanda suka yi yaƙin suna da rai, Razdan yana zaune a ko wane lardi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin tambaya a nan shi ne, wane irin aski Malam Bello ya yi, kuma me ya bari bai aske ba.

Tsarin littafin a taƙaice shi ne wannan. Wani tsohon barde, Gandoki, yana ba yara labarin rayuwarsa da bakinsa. Kashi na fari yaƙe-yaƙe ne da Turawa, da sunayen garuruwa da na sarakai na gaskiya, har zuwa bin Sarkin Musulmi gabas. Kashi na biyu shi da ɗansa Garba Gagare sun faɗa wata duniya ta aljanu da ƙasashe masu nisa har Hindu, suna yaƙi suna cin nasara, suna shigar da mutane Musulunci. Kashi na uku ya komo gida ya tarar ƙasa ta sake, ya ga zaman lafiya da ilmin zamani, ya yaba.

4. Kalmomin da aka kira abin da su

Mai nazarin harshe ba zai wuce wannan babi ba sai ya tsaya a kan kalmomi, domin sau da yawa hukuncin da al'umma ta yanke wa wani al'amari yana ɓoye a cikin sunan da ta ba shi.

Waɗanda suka rubuta waƙa da ajami a lokacin da abin ke aukuwa, Nasara suka kira baƙin. Akwai waƙar da ake danganta wa Sarkin Musulmi Attahiru kansa, wadda aka sani da Waƙar Zuwan Annasara, mai kira ga jama'a su tashi su bar ƙasar. Akwai kuma ta Alhaji Umaru, Bakano wanda ya zauna Salga, ya koma Kete-Karachi a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ya rasu a can a 1934. Shi ya bi garuruwa da sarakunan da suka faɗi yana lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Kalmar Nasara daga Larabci take, ma'anarta Kirista. Wanda ya kira baƙo da ita ya auna shi da ma'aunin addini, kuma da ya yi haka, tambayar da ke biye ta shari'a ce: shin ya halatta Musulmi ya zauna ƙarƙashin hukuncinsa? Kalmar Bature ba ta ta da wannan tambaya. Tana nuna farin mutum daga wata ƙasa, wanda zai iya zama likita ko ɗan kasuwa ko malamin makaranta. Littattafan boko na makaranta Turawa suka fi so, suka kuma haɗa ta da wata kalma mai laushi, suka ce "zuwan Turawa", sai ka ce baƙi ne suka yi sallama aka shimfiɗa musu tabarma. Gaskiya ne masu waƙar ajami su ma sun ce "zuwa", amma a bakinsu zuwan irin na fari ne ko na annoba, abin da Allah ya aiko don jarraba bayinsa.

Akwai kuma wani abin lura da rubutun boko ya haifar. A baki, Nasara mai nufin Kirista da nasara mai nufin rinjaye ba su zama ɗaya ba: ta farin tana da dogon wasali a gaɓar tsakiya, ta biyun a gaɓar ƙarshe, karin sautinsu kuma ya bambanta. Boko bai nuna tsawon wasali ko karin sauti ba, saboda haka a kan takarda sun zama kalma guda. Yaron da ya fara saninsu daga littafi yana iya zaton an kira su Nasara ne don sun yi nasara. Malami ya kula da wannan, ya furta wa yara su ji.

Haka nan tafiyar Attahiru. A rahoton Turawa gudu ce, shi kuwa sarki ne da aka tuɓe yana tsere wa hukuma. A wurin waɗanda suka bi shi hijira ce, ibada mai asali tun daga Makka zuwa Madina, wadda Shehu Usmanu ya sabunta sa'ad da ya tashi daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Ƙafa ɗaya, hanya ɗaya, amma suna biyu. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba, ba zai gane kashi na biyu na Gandoki ba.

5. Shin littafin ya karye?

Masu cewa ya karye hujjarsu a fili take: a shafi ɗaya ana maganar Lugga da igwa, a wani shafi ana maganar sarkin aljanu. Amma akwai igiya uku da suka ɗaure kashin biyu, sai an duba ake ganinsu.

Igiya ta fari muryar mai magana ce. Tatsuniya tana da ƙofarta, ana buɗe ta da "ga ta nan ga ta nanku", ana rufe ta da "ƙurunƙus", kuma labarin wani ake bayarwa, Gizo ko Ƙoƙi ko 'yar sarki. Gandoki labarin kansa yake bayarwa, da wakilin suna na mai magana, tun daga farko har ƙarshe. Bakin da ya ce ya ga Burmi shi ne bakin da ya ce ya ga aljanu. Irin wannan zance kuwa Bahaushe ya san shi tun kafin boko, shi ne zancen tsohon barde ko maharbi a gindin bishiya, wanda ke cakuɗe da kirari, wanda mai sauraro ya san akwai gishiri a ciki, amma ba ya kiransa ƙarya. Malam Bello bai ce shi ne ya ga aljanu ba. Ya zaunar da wani tsoho ne a gaban yara ya bar shi ya yi magana yadda irinsa ke yi.

Igiya ta biyu ita ce yadda aka raba faɗuwa da bajinta. A kashi na fari tarihi ya ɗaure hannun marubucin: Kwantagora ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, Burmi ta faɗi, ba shi da ikon ya sake ko ɗaya, gama masu karatunsa sun sani. Abin da ya rage masa shi ne ya bar runduna ta karye ya tsame gwarzonsa. Jama'a ake ci, shi Gandoki ba a kayar da shi hannu da hannu. Wannan kuwa ya dace da abin da mayaƙan zamanin suka ji a ransu, cewa ba a fi su zuciya ba, makami aka fi su. Bindiga mai ruwa ba ta tambayar ko ɗan wane ne kai, ba ta sauraron kirari, tana kashe jarumi da rago daga nesa ba tare da ta san bambancinsu ba. Ilmin yaƙi na shekaru ɗaruruwa, na doki da mashi da sulke, ya tashi banza cikin safiya ɗaya a bayan ganuwar Sakkwato. To, marubucin da ke da gwarzo mai takobi, a ƙasar da takobi ya daina aiki, ina zai kai shi? Sai ya kai shi inda takobi bai daina aiki ba. Duniyar aljanu ita ce filin da ya rage wa barde. Nasarorin da Gandoki ya yi ta ci a can su ne waɗanda aka hana shi a nan, kuma yawansu da girmansu su ne ma'aunin zafin abin da aka rasa.

Igiya ta uku ita ce alƙibla. Gandoki bai nufi yamma ko kudu ba, gabas ya nufa, inda Attahiru ya nufa, inda Mai Wurno ya kai jama'arsa. Aikin da ya yi a can kuma aikin jihadi ne, watau yaƙar masu bautar gumaka da shigar da su Musulunci, aikin da daular Sakkwato ta ɗauka shi ne dalilin kafuwarta, wanda Turawa suka rufe ƙofarsa. Kayan da aka gina wannan kashi da su ba baƙi ba ne a zauren malamai: labarun Dare Dubu da Ɗaya, da na Antaru, da na yaƙe-yaƙen Sayyadina Ali, duk suna yawo a ƙasar Hausa. Malam Bello ya ɗebo daga wannan rumbu ya ci gaba da hijirar da aka tare a Burmi, ya kai ta inda sojan Lugga ba su iya binta.

In an duba haka, sai a ga littafin ya bi hanyoyin nan uku na malaman 1903 ɗaya bayan ɗaya, a jikin mutum guda: kashi na fari yaƙi, na biyu hijira, na uku zama. Wannan tsari ne, ko marubucin ya nufe shi da gangan ko kuwa tunanin zamaninsa ne ya bi da alƙalaminsa. Abin da za a iya zarginsa da shi ta fuskar fasaha shi ne kashi na biyu ya yi yawan maimaici. Yaƙi yana bin yaƙi, ba wanda mai karatu ke jin tsoron Gandoki zai faɗi a cikinsa, abokan gaba kuma ba su da fuska. A kashi na fari, inda ake iya mutuwa da gaske, Hausar ta fi ƙarfi, jimlolin suna gudu kamar sukuwa. Wannan rauni ne, amma raunin gaɓa ne, ƙashin bayan littafin lafiya yake.

6. Yabon ƙarshe

Saura magana ta biyu, cewa littafin ya ƙare da yabon Turawa. Haka ne, ba kuwa za a kare marubucin ta hanyar cewa bai nufi abin da ya rubuta ba. Malam Bello ma'aikacin wannan tsari ne, ya ga amfanin makaranta a kansa da kan ƙanensa, kuma mutumin da ya tashi a yankin Kwantagora ya san abin da hari yake yi wa ƙauye. In ya ce hanya ta yi lafiya, abin da ya gani ya faɗa. Alhaji Umaru ma, wanda ya yi kukan zuwan Nasara a waƙa, ya zauna da jami'in Jamus Mischlich a Kete-Karachi yana rubuta masa tarihin ƙasar Hausa. Mutanen wannan zamani da yawa sun riƙe baƙin ciki da amincewa a zuciya ɗaya, kuma wanda bai ɗanɗani abin da suka ɗanɗana ba ya yi hattara wajen yanke musu hukunci.

Amma a lura da abin da yabon bai yi ba. Gandoki bai tuba ba. Bai ce yaƙin da ya yi kuskure ne ba, bai ce Sarkin Musulmi ya ɓata ba, kirarinsa kuma bai ragu ba. Yana zaune a ƙasar da Turawa ke mulki yana gaya wa yara, da alfahari, yadda ya yaƙi Turawan. Yaron da ya rufe littafin, abin da zai tafi da shi a ka shi ne doki da ƙura da sunan Gandoki. Shafukan yabon ba su da wannan zafi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji Hausawa, kuma matsayin nan shi ne na Waziri Buhari a cikin rigar labari. Ta haka littafin da Gwamnatin Turawa ta buga da kuɗinta ya zama hanyar da yaran makarantunta suka ji cewa kakanninsu sun tsaya sun yi faɗa.

In an gwada shi da littafin Achebe sai bambancin ya fito. Gwarzon Achebe, da ya ga jama'arsa ba za su bi shi yaƙi ba, ya rataye kansa, domin duniyarsa ta rushe ba ta da wurin komawa. Gandoki yana da wurin komawa, gama a Arewa Turawa sun bar sarauta da alƙalanci da masallaci a tsaye, suka yi mulki ta hannun sarakuna. Shi kansa Nagwamatse an mai da shi gadon Kwantagora a 1903, ya zauna a kai har rasuwarsa a 1929. Sulhun da ke ƙarshen littafin hoton sulhun da aka yi ne tsakanin Lugga da masu sarauta.

7. Abin da littafin ya yi shiru a kai

Nan ne aibi na uku yake. Tun da sulhun na masu sarauta ne, turjiyar da littafin ya nuna ita ma tasu ce. Idon labarin yana bisa doki. Mutanen da ke ƙasa, in sun bayyana, ko dai runduna ce ko ganima.

Kwantagora ta Nagwamatse da hari ta yi suna. Gwari da Kamuku da Kambari da sauran maƙwabta sun sha kame da ƙone-ƙone a hannunta shekara da shekaru. Wanda aka kama uwarsa aka sayar, ba lalle ne ya ga faɗuwar Kwantagora yadda Gandoki ya gan ta ba. Wannan bai wanke Lugga ba, wanda ya riƙi hana cinikin bayi hujjar cin ƙasa, alhali tseren da yake yi da Faransa ne ya fi damunsa. Amma littafin bai ba waɗannan mutane baki ba ko sau ɗaya, kuma kashi na biyu ya ƙara tsananta abin, domin a can ma waɗanda ake yaƙa ba su da wani aiki sai su faɗi ko su tuba.

Akwai kuma turjiyar da ba ta bisa doki. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudo, masu jiran Mahadi, suka tari sojan Turawa da gatura da fartanya suka karya su, suka kashe Turawa 3. A watan Maris aka komo aka hallaka su, aka shafe garin, kuma a wannan karo sarakunan ƙasar suna gefen Turawa. Ɗaya daga shugabanninsu, Ɗan Makaho, daga ƙasar da Faransa ke riƙe da ita ya ƙetaro. A can ma, a 1899, Sarauniya ta Lugu da Aznanta, waɗanda ba Musulmi ba ne, sun tari rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan, wadda ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Labarin Sarauniya ya shiga ƙagaggen littafi a 1980, da Faransanci, a hannun Abdullahi Mamani na Nijar. Satiru kuwa ba ta da wuri a cikin littafi irin Gandoki, domin tana ɓata sulhun da aka gina ƙarshensa a kai: tana nuna cewa bayan 1903 akwai waɗanda ba su durƙusa ba, kuma da hannun masu durƙuson aka taimaka wajen murƙushe su.

Ba a zargin marubuci don bai rubuta littafin da bai yi niyya ba. Amma wajibi ne mai sharhi ya faɗi iyakar littafin da aka rubuta. Gandoki shaida ce ta yadda gidajen sarauta da na malanta suka ji zafin 1903, da yadda suka haɗiye shi. Ba shi ne dukan labarin ba.

8. Shawara ga malamai

Daga abin da ya gabata, ga abin da nake gani ya dace a yi a aji. Da fari a sa taswira a gaban ɗalibai, su bi Gandoki daga Kwantagora zuwa Burmi, su rubuta shekarar faɗuwar ko wane gari, su kuma nuna daidai inda labarin ya bar ƙasar da ke cikin taswira. Sa'an nan a tambaye su don me a nan ne ya bar ta. Na biyu, su bi littafin da fensir su fid da ko wace kalma da aka kira baƙin da ita, su lura da wanda ya faɗe ta da halin da ake ciki. Na uku, a karanta shi tare da waƙar Attahiru da ta Alhaji Umaru, don su ji muryar waɗanda suka yi magana ana cikin wuta, su gwada ta da muryar wanda ya yi magana bayan shekara 31. Na huɗu, a ba su labarin Satiru, a sa ko wane ɗalibi ya rubuta shafi biyu da bakin wani manomi na ƙasar Gwari, ko wata baiwa, ko sojan Bahaushe da ya harba bindiga a Kano, yana ba da labarin shekarun nan yadda shi ya gan su.

Ɗalibin da ya yi waɗannan ayyuka huɗu zai san Gandoki fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa, zai kuma iya tsayawa gaban yara ya amsa in sun tambaye shi ko da gaske ne tsohon ya ga aljanu.